Ƙaramar sansar da ta sa motar Yaya shan mai, da tarihinta

1/ Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023, kowa a gidanmu ya koma injiniya. Yayana ya cire akwatin matatar iska na tsohuwar Civic ɗinsa, aka sa masa bututun ƙarfe mai ƙyalli, wai mota za ta "numfasa". Ta fi ƙara kam. Amma shan mai ya ƙaru. Ku biyo ni, labarin ya faro tun 1967.

2/ Zamanin kafireto, mota ba ta san zafin iskar da take shaƙa ba. Iska ta wuce, ta ja fetur, shi ke nan. Matsalar ita ce inji yana buƙatar kusan giram 14.7 na iska ga kowane giram 1 na fetur. Nauyi ake magana, ba cika ba. Ita kuma iska idan ta yi zafi sakwarkwacewa take yi.

3/ Lissafin aji biyu a jami'a ne: daga digiri 20 zuwa 60, nauyin iskar da ke cikin lita ɗaya yana raguwa da kusan kashi 12 cikin ɗari. Ba ƙaramin abu ba ne fa.

4/ Kamfanin Bendix na Amurka ya gwada allurar mai ta lantarki, Electrojector, a wasu motocin Chrysler na 1958. Bai yi nasara ba. Bosch na Jamus ya sayi haƙƙin fasahar, ya fito da D-Jetronic a 1967 cikin Volkswagen 1600. Tsarin ba ya auna iska kai tsaye. Yana duba matsin iska da gudun inji, ya gyara lissafin da zafin iskar. Nan sansar tamu ta samu aiki.

5/ Daga baya L-Jetronic ya zo da wani marfi da iska ke turawa, sansar zafi na maƙale a jikinsa. A farkon shekarun 1980 aka koma waya mai zafi da ke auna nauyin iska da kanta. Shi ya sa a Corolla da yawa sansar zafin tana cikin MAF, tare suke tafiya. Honda kuwa ta daɗe a kan tsohon salo na matsi da zafi. A irin waɗannan motoci, ƙaryar sansa ta fi tsada.

6/ Sansar kanta ba wata abar a zo a gani ba ce. Tana rage tirjiyar lantarki idan ta ji zafi. Ƙwaƙwalwar mota ta karanta, ta yanke yawan mai da lokacin da fulogi zai ba da wuta.

7/ To ga abin da ya faru da mu. Sabon bututun ba shi da ramin sansa. Bakaniken ya ɗaure ta da waya a waje, can kusa da wuyan salansa. Na aro na'urar OBD a wurin wani ɗan ajinmu, na jona. A goslo tana nuna sama da digiri 70, alhali iskar da ke shiga injin ba ta kai haka ba.

8/ Ƙwaƙwalwa ta ga "zafi", sai ta jinkirta wutar fulogi don kada inji ya yi ƙwanƙwasa. Ƙarfi ya ragu. Yaya ya ƙara taka totur. Mai ya tafi. Ita kuma matatar buɗaɗɗiya tana zuƙar iskar bayan lagireto, ba ta waje ba. Laifi biyu kenan.

9/ Wasu sai su juya abin: su sa rizisto don mota ta zaci ana sanyi. An daɗe ana sayar da wannan a intanet da sunan "chip". Tun 1976, da Volvo da Bosch suka kawo sansar iskar oksijin a salansa, mota na iya gano cakuɗin ya ɓaci ta gyara kanta a tafiya ta yau da kullum. Ribar ba ta zuwa. Abin da ke saura shi ne wuta mai saurin tashi a zafin Afrilu na Sakkwato. Ni dai ba zan yi wa injina haka ba.

10/ Idan an zare ta gaba ɗaya, yawanci za ku ga -40 a na'ura da lambar P0113. Masu turbo kuma, wurinta bayan intakula ne, don turbo na dafa iskar da ya matse.

11/ Na ce, "Yaya, a mayar da akwatin kamfani." Ya ce kuɗin bututunsa fa? Muka daidaita: aka huda bututun, aka sa roba, sansa ta koma cikin iska, aka yi wa matatar shinge daga zafin inji. Karatun ya sauko kusa da zafin gari idan ana tafiya. Har yanzu yana cewa ƙarar ce ta gyara motar.