Koyon karin kiɗa da jiki a arewacin Zamfara

A ƙasashen Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, har da ƙauyuka irin su Sakajiki, yaro yakan san karin kiɗa da ƙafa da tafi da ƙugu tun kafin hannunsa ya taɓa ganga. Ba a rubuta wannan tarbiyya a littafi ba, shi ya sa masu tarihin waƙa suka fi ba da labarin makaɗan fada, suka tsallake inda makaɗan suka fara.

Makarantar farko ita ce bakin turmi. Mata biyu ko uku kan haɗu a turmi guda suna lugude, taɓarya na shiga bayan taɓarya, gwana ta cilla tata sama ta tafa ta cafe ba tare da ta ɓata bugu ba. Yarinyar da ta yi saurin sauke taɓarya za ta ji ta gwaru da ta yayarta, gyaran ke nan. Da dare kuma sai gaɗa a dandali, inda mai bayarwa ke faɗawa baya ƙawaye su tallabe ta daidai kan tafi.

Ga maza, gayya ce babbar makaranta. Makaɗin noma yana bin bayan samari da gangarsa, su kuwa suna jere a kunya, hauya na sauka tare da bugu. In ya ga sun yi sanyi sai ya ɗaga kiɗan, ya kama taken wani gwarzo, layin duka ya zabura. Ta wannan ƙofa Ibrahim Narambaɗa, ɗan Tubali, ya shigo. Ya yi kokawa da ƙuruciya, ya yi waƙar noma, sannan ya riƙe kotso a fadar Sarkin Gobir na Isa Amadu. An saɓa kan shekarunsa: wasu na cewa 1875 aka haife shi ya rasu 1960, wasu 1890 da 1963. Saɓanin shekara 15 a haihuwa ba abin mamaki ba ne ga mutumin da aka haifa kafin zuwan Turawa, kuma duk ruwayoyin sun haɗu a kan abin da ya fi muhimmanci, cewa filin kokawa da gona sun riga fada. Haka Musa Ɗanƙwairo na Maradun, wanda ya rasu a 1991: gidan kiɗan noma ya tashi, yana amshi a bayan mahaifinsa. Ɗan makaɗi kan daɗe yana amshi da tafi da kanzagi kafin a sakar masa babban kiɗa.

A Zurmi, Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri da mafarauta kiɗa. Nan ma jiki ke amsawa, domin ɗan tauri yakan gane takensa ya tsuma kafin a ambaci sunansa.

A Turai sai da malamin kiɗa Émile Jaques-Dalcroze (1865–1950) ya lura ɗalibansa a Geneva suna karanta kiɗa a takarda amma ba sa jin sa a jiki, sannan ya sa su taku da tafi a aji, ya buɗe cibiyarsa a 1915. Abin da ya mayar darasi, gayya da gaɗa sun daɗe suna yi, kuma abin takaici ne yadda firamaren da ta bazu bayan shirin ilimin firamare ga kowa (UPE) na 1976 ba ta ɗauke su da daraja ba.

Su kansu waɗannan makarantun gargajiya sun yi rauni: injin niƙa ya rage daka. Daga baya hare-haren 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan yankin, Sakajiki ma ba ta tsira ba, noman gonakin nesa da wasan dandali suka ja baya.