WA ZA A FARA DUBAWA IN AN YI HATSARI?

Yau zancenmu a kan mutumin da ya ji mummunan rauni ne, ko a hatsarin mota, ko faɗowa daga bisa, ko harbi. Da yawanku kun taɓa kai wani asibiti jina-jina, kuka ga likita ya wuce mai ihu ya nufi wanda ya yi shiru, har ranku ya ɓaci. To, ba wulakanci ba ne, ƙa'ida ce, kuma tana da tarihi.

A dā can, in an gama yaƙi a ƙasar Turai, sai a bar masu rauni kwance a fili har dare ya yi, wani ma ya kwana. In an zo ɗauka, manya a ke fara dubawa. Wani likitan sojan Faransa mai suna Larrey, wanda ya yi aiki da rundunar Napoleon, shi ya ƙi wannan. Ya shirya kekunan doki marasa nauyi su shiga fili su kwaso mutane tun ana cikin yaƙi. Ya kuma kafa doka cewa wanda rauninsa ya fi tsanani shi za a fara dubawa, ko hafsa ne ko kurtu.

Amma in an zo kan mutum guda, wane rauni za a fara da shi? Wannan ya daɗe bai zauna ba. A shekarar 1976 wani likitan ƙashi a Amurka, James Styner, yana tuƙa ƙaramin jirgin sama da iyalinsa, jirgin ya faɗi a gona a jihar Nebraska. Matarsa ta rasu nan take, uku daga cikin 'ya'yansa huɗu suka ji mugun rauni. Da kyar ya tare mota ta kai su wani ƙaramin asibiti, ya tarar an rufe. Da aka buɗe kuma, ya ga ma'aikatan ba su san ta inda za su fara ba. Abin ya tsaya masa a rai. Shi da abokan aikinsa suka tsara darasi, aka fara koyar da shi a 1978, yau kuwa da wannan tsari likitoci ke aiki a ƙasashe da yawa, har da namu.

Ga tsarin, ba wuya gare shi ba. Abin da zai fi saurin kashe mutum shi a ke fara tarewa. Da fari hanyar numfashi, gama in jini ko amai ko harshe ya toshe maƙogwaro, mintoci kaɗan sun isa. Shi ya sa likita ke tambayar sunan majiyyaci. In ya amsa sarai, an san iska na wucewa, hankalinsa kuma na nan. Mai ihu yana numfashi ke nan. Sa'an nan a duba ƙirji, sa'an nan jini, sa'an nan a ga ko ƙwaƙwalwa ta taɓu, daga baya a kwaɓe tufafi a duba jiki duka, a lulluɓe shi kada sanyi ya kama shi. Daga baya likitocin soja suka ƙara abu guda: in jini na tsartuwa daga hannu ko ƙafa, shi za a tsayar tun kafin kome. Karaya kuwa, ko da ya ke ita ta fi ɗaukar ido, yawanci tana iya jira. Madori gwani ne a kan ƙashi, amma ba ya ganin jinin da ke zuba cikin ciki.

Mu dawo gida Kaduna. Asibitin da dattawa suka sani da suna Nasin Hom shi ne yau Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, an sa masa sunan Dokta Barau Dikko ɗan Wusasa, likita na farko daga Arewa. Akwai kuma asibitin soja na 44. Waɗannan biyu sun ga ranakun da masu rauni suka zo a tare. Da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja hari ran 28 ga Maris 2022, an kai waɗansu asibitin 44. Waɗanda bam ya samu a taron Maulidi na Tudun Biri a Disamba 2023 kuwa an kawo su Barau Dikko. A irin wannan rana, in ba a bi ƙa'idar Larrey ba, mai ƙaramin rauni ya tsare likita, mai babba ya cika a ƙofa.

Hanyar Kaduna zuwa Zariya ma ba ta bar mu mun huta ba. Gwamnati ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a 1988, lambarta ta gaggawa 122 ce. Wani abu da ya daɗe yana cin rai shi ne tsoron 'yan sanda: mutane su tsaya suna kallo, asibiti ya ce sai an kawo takarda. Dokar lafiya ta 2014 ta hana a ƙi duba mai neman taimakon gaggawa, dokar 2017 kuma ta ce a yi wa wanda aka harba magani ba sai an jira takardar 'yan sanda ba.

Kai da ke ƙauye, kai za ka riga likita isa wurin. Ka yi masa magana ka ji ko zai amsa. Ka danne wurin da ke zub da jini da tsumma mai tsabta, da ƙarfi, kada ka riƙa ɗagawa kana leƙe. Ban da ƙasa, ban da toka, ban da kashin shanu. Kada ka ba shi ruwa ko fura, ko ya roƙa, don wataƙila za a yi masa aiki. In za ku ɗauke shi, ku sami ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum guda ya riƙe kai daidai da jiki, gama in ƙashin wuya ya karye kuka naɗe shi a bayan babur, lakarsa na iya tsinkewa, ya shanye har abada. In kun isa disfensa, ku gaya wa malamin asibiti lokacin da abin ya faru, da ko ya suma. In ya ce a wuce Kaduna, ku wuce nan da nan, 'yan'uwa masu iya ba da jini su biyo ku.