Gemun Auduga da Jan Akwati

Idan azumi ya kai kwana goma, bayan an sha ruwa an yi asham, yaran Haɗejiya kan fito tashe kamar takwarorinsu na sauran garuruwan Hausa. Kayan wasan ba su taka kara sun karya ba: auduga da za a manna a haɓa ta zama gemu, tsohuwar rigar uba, tsumman da za a cusa a ciki ya zama tumbi, gwangwanin kiɗa, sai karan dawa da ake sassaƙa doki da shi. 'Yan mata kuwa ƙwarya suke kifawa a kan ruwa su kaɗa. A ƙasar fadama irin ta kogin Haɗejiya, inda kara da kaba da laka suke a bakin ƙofa, ba a sayen ko ɗaya daga cikinsu.

Abin da ya cancanci nazari shi ne tsarin da ke bayan wannan tarkace. Yaron da ya fito tashe karon farko ba ya ƙirƙirar komai. Ya tarar da mutanen wasan a shirye: Tsoho da Gemu, Jatau Mai Magani, malamin da ake tuhuma da rawa, Mairama da Daudu a wajen 'yan mata. Kowanne da shigarsa, da tafiyarsa, da amshin da sauran yara za su yi masa. A dare ɗaya ɗan shekara bakwai zai koyi yadda ake sa rigar wani, a yi magana da bakinsa a gaban manya. Samarin da suka riƙa naɗa sarkinsu da alƙalinsu da dogaransu a bikin kalankuwa bayan kaka, daga irin wannan makaranta suka fito.

Amurkawa sun daɗe ba su gano amfanin irin wannan ƙofa ba, kuma sai da ta ci musu kuɗi. A shekarar 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons, wasan da ake yi a zaune kewaye da tebur: mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin jarumi ko matsafi ko malamin addini, a jefa ƙwaya irin ta ludo don a san wanda ya dace. Ƙananan littattafai uku ne, an rubuta su ne domin waɗanda suka riga suka goge a wasannin dabarun yaƙi. Baƙo ya karanta ya rasa inda zai kama.

Wani likitan ƙwaƙwalwa, J. Eric Holmes, shi ya nemi kamfanin TSR ya bar shi ya tace dokokin. A 1977 aka fitar da aikinsa cikin akwati: littafi mai shafi 48, da ƙwayoyin jefawa, kuma wasan bai wuce mataki uku na farko ba. Gajartar da gangan aka yi ta. A 1983 Frank Mentzer ya sake fasalinsa a jan akwatin da ya yi suna, wanda ke jefa mai karatu cikin labari shi kaɗai tun kafin a gaya masa doka. TSR ya durƙushe, Wizards of the Coast ya saye shi a 1997, amma akwatin bai mutu ba. Na 2014 ya zo da jarumai biyar da aka riga aka tsara, a ɗauka kawai a fara. Wato bayan shekara arba'in sun iso inda mai gemun auduga yake tsaye tun tuni.

Akwai bambanci, kuma ba a wajen tashe riba take ba. Akwati yana jira a kan kanta. Wanda ya tsince shi bayan shekara ashirin zai buɗe ya karanta ya yi wasa. Dokokin tashe a kan yara suke zaune, wa ya koya wa ƙane, kuma damar koyon kwanaki kaɗan ce a shekara. A 'yan shekarun nan rundunar 'yan sandan Kano ta dakatar da tashe saboda 'yan daba da masu ƙwacen waya da ke fakewa da shi. Dalilin ba na wasa ba ne, babu uban da zai yi jayayya da shi. Sai dai hanin azumi uku ko huɗu a jere ya isa a sami unguwar da babu yaron da ya san amshin Jatau.

Haɗejiya ba ta rasa labarin da zai cika akwati ba: tawayen Sarki Buhari ga Sakkwato a tsakiyar ƙarni na 19, ko ranar da Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ga Turawa a Afrilun 1906 har aka kashe shi. Malamin firamaren da ya rubuta wasannin tashe goma a ɗan littafi, da shigar kowanne da amshinsa, zai yi kusan aikin da Holmes ya yi, kuma ba zai buƙaci shafi 48 ba.