TABA, GOGE DA ƘWAYA: TARIHIN HANI A ƘASARMU

Jama'ar Gidimuni na gida da na ci-rani,

A taronmu da ya wuce wani dattijo ya tashi ya ce a zamaninsu ba a san abin da ke juya hankali ba, sai yaran yanzu suka zo da shi. Ban yi masa gardama a gaban jama'a ba, don ya haife ni. Amma tarihi bai goyi bayansa ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

A ƙarshen shekarar 1852 wani Bajamushe matafiyi, Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya taso daga Kukawa ya bi ta Muniyo ya sauka a garinmu. Ya rubuta sunan Badamuni, ya kuma ambaci tafkuna biyu, ɗaya na kanwa ɗaya na ruwan daɗi. Da ya isa Damagaram, cikin abin da ya gani a gefen birni har da gonakin taba. To, duk wanda ya tashi a nan ya san taba da kanwa abokan juna ne. Kakana yakan murza gari a tafin hannu, ya ɓanci kanwa ya haɗa, ya cusa a leɓe, sa'an nan ya kama hauya. Goro kuwa daga Gwanja fatake ke kawo shi, ba a ɗaurin aure ko suna sai da shi.

Ita tabar ma ba ta tsira daga hani ba. Tun farkon shigowarta ƙasar baƙar fata, wajen 1600, malamai suka rabu. Shehu Ahmad Baba na Tumbutu ya halatta ta. Bayan shekara ɗari biyu da wani abu, mutanen Shehu Amadu na Masina suka haramta ta, amma Kuntawan Tumbutu suka ƙi yarda, aka yi ta rubuce-rubuce. Daular Masina ta faɗi a 1862, taba tana nan.

Akwai kuma zaƙami, wanda ake wa kirari haukata-yaro. Yana fitowa a juji da bayan gida, ba mai shuka shi, kowa kuma ya san 'ya'yansa na sa mutum ya yini yana zance da bango, wani ma ya sheƙa barzahu. Tsoronsa ne ya tsare mutane, ba dogari ba.

Amma babban abin da ke ɗauke hankali a da ba shan sa ake yi ba. Goge ne da garaya da caki. Mai goge ya taɓa taken Sarkin Rafi ko na Ɗan Galadima, sai ka ga mace ta yi hamma, ido ya kafe, ta faɗi ta tashi da wata murya. Ni ba ɗan bori ba ne, kuma na san abin da malamanmu suka ce a kai. Abin da nake so a duba shi ne tsarinsa. Ba a hawa sai an yi girka, akwai uwar girka, akwai masu riƙe mutum kada ya ji ciwo, akwai lokacin sauka da atishawa. Kowa ya watse, gobe ta koma daka da ɗiban ruwa.

Da Nasara suka ci Damagaram a 1899, sun zo da nasu hanin. Tun a taron Burusel na 1890 Turawa suka yi yarjejeniyar tsare barasa daga ƙasashen da ba a saba da ita ba, ko da yake a teburin kwamanda kwalba ba ta yankewa. Abin da ya fi ba su tsoro shi ne taron jama'a da ba su gane kansa ba. A 1925, can yamma a ƙasar Kurfai, wasu sababbin iskoki suka bayyana, Hauka ko Babule, masu fareti da sara irin na sojan Faransa. Kwamandan Yamai, Crocicchia, ya sa aka kama masu hawan, aka doke su, aka kulle. Me ya biyo baya? Sai ga wani sabon iska mai suna Kwamanda Mugu, watau shi Crocicchia da kansa ya shiga cikin bori. 'Yan ci-rani suka kai abin har Ankara ta Gwalkwas, inda Jean Rouch ya ɗauke su a silima.

Bayan mulkin kai sai dokokin duniya suka iso, na Majalisar Ɗinkin Duniya na 1961 da 1971. Maƙwabtanmu na Nijeriya sun fi zafi: a 1966 suka sa hukuncin kisa kan mai noman wiwi, a 1985 aka harbe mutum uku a Ikko saboda hodar iblis. Mu a Nijar dokarmu ta yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 1999 ce.

Duk wannan shinge, tiramol ya bi ta ƙarƙashinsa. Maganin ciwo ne da aka fara sayarwa a Jamus a 1977, kuma ba ya cikin jerin waɗancan dokokin duniya. Likita yakan ba da mai lamba 50 ko 100. Wanda ya cika kasuwanninmu daga Indiya mai 225 ne, kuma sai a 2018 Indiya ta sa masa takunkumi. Ba shi da take, ba shi da uwar girka, ba a kiran kowa. Yaro zai jefa biyu cikin shayi da asuba don ya iya yankan rake ko ban-ruwan garka har la'asar bai ji gajiya ba, mai garkar kuma ya yaba masa ƙoƙari.

Bara da rani na ga ɗan ƙanwata ya faɗi a bakin rijiya yana shure-shure, kumfa a baki. Tsofaffin mata suka ce iska ne, a kira mai goge. Da muka laluba aljihunsa sai ga sashe na ƙwaya, saura uku cikin goma. Mai garkar da yake wa aiki ne ya ba mu amalanke muka kai shi asibiti, yana ta faɗi a hanya cewa bai taɓa samun ma'aikaci irinsa ba.