Wayar Fayiba Har Gida da Yadda Ake Zaɓen Na'urar Rarraba Intanet

Gabatarwa

Mun tanadi wannan bayani ne domin amfanin jama'armu na karkara, da shugabannin ƙananan hukumomi, da kansiloli, da hakimai da dagatai, ganin yadda aikin shimfiɗa wayar fayiba yake ƙara matsowa daga manyan birane zuwa garuruwa. Manufarmu ita ce kowa ya san abin da zai biya kuɗinsa a kai kafin ya biya, ya kuma san hakkin da ya rataya a wuyansa na kare wannan waya idan ta ratsa ta garinsa.

Mece ce wayar fayiba?

Wayar fayiba zare ne na gilashi wanda kaurinsa ya yi kusa da na silin gashi, an lulluɓe shi da roba domin kariya. Saƙo yana tafiya a cikinsa ne ta hanyar haske, ba ta wutar lantarki ba. Saboda haka yana ɗaukar bayanai masu yawa zuwa nesa ba tare da ƙarfinsa ya ragu sosai ba, kuma hadari ko hazo ba sa dagula shi.

Intanet ɗin da muke amfani da shi a Nijeriya yana shigowa ne galibi ta irin waɗannan wayoyi da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, kamar MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010, da Equiano wadda ta iso Legas a 2022. Daga gaɓar teku ake jan wayar zuwa cikin ƙasa. A watan Maris na 2024, lokacin da wasu daga cikin wayoyin teku suka lalace a yammacin Afirka, bankuna da ofisoshi da dama sun shiga matsala, abin da ya nuna mana yadda harkokinmu suka dogara da su. A shekarar ce kuma Gwamnatin Tarayya ta bayyana shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na wannan waya a faɗin ƙasa.

Bambancin da ya kamata a gane

Ba duk abin da aka kira fayiba ne yake isa gida ba. A wurare da yawa wayar tana tsayawa ne a turken sadarwa, wato ƙarfen sabis, daga nan sai saƙon ya ƙarasa gidaje ta iska. Irin wannan yana raguwa idan masu amfani suka yi yawa, musamman da daddare. Cikakkiyar fayiba kuwa ita ce wadda zaren gilashin yake shiga har cikin gida ko ofis, ya ƙare a wani ƙaramin akwati da ma'aikatan kamfani suke kafawa a bango. Aikin akwatin shi ne mayar da hasken zuwa saƙon da kwamfuta da wayar hannu suke ganewa.

Don haka muna shawartar jama'a su yi wa wakilin kamfani waɗannan tambayoyi kafin su sa hannu a takarda:

1. Shin zaren gilashin zai shigo har cikin gida, ko a turke zai tsaya?
2. Nawa ne kuɗin kafawa, kuma nawa ne na wata-wata?
3. Akwai iyakar data da idan an kai ta za a rage gudu?
4. Akwatin da na'urar mallakar wa ne idan aka daina hulɗa?
5. Kwana nawa ake ɗauka kafin a gyara idan waya ta tsinke?

A karɓi amsoshin a rubuce, a kuma adana rasit.

Zaɓen na'urar rarrabawa

Na'urar rarraba intanet, wadda aka fi sani da rauta, ita ce take karɓar saƙo daga akwatin bango ta watsa shi cikin gida ta Wi-Fi. Wasu kamfanoni suna haɗa akwatin da rauta a na'ura ɗaya, wasu kuma suna barin mai gida ya sayi tasa. A nan ne mutane da yawa suke yin asara, domin tsohuwar rauta tana iya riƙe gudun da aka biya kuɗinsa, kamar a haɗa babban bututun ruwa da ƙaramin famfo.

Abu na farko shi ne a tabbatar rautar tana da ramin da ake sa waya daga akwatin bango. Wadda aka ƙera domin katin sim kaɗai ba lallai ta yi wannan aiki ba. Na biyu, a duba ƙarfin ramukan. Akwai masu ɗaukar megabit 100 a daƙiƙa, akwai masu ɗaukar 1,000. Wanda ya biya kuɗin megabit 200 amma ramin rautarsa na 100 ne, rabin abin da ya biya kawai zai samu.

Na uku, a nemi mai zango biyu, wato 2.4 da 5, kamar yadda ake rubutawa a jikin kwali. Zangon 2.4 ya fi nisa, ya kuma fi ratsa bango, amma gudunsa kaɗan ne. Zangon 5 ya fi gudu, sai dai katanga mai kauri tana rage shi ƙwarai. Wannan yana da muhimmanci a gidajenmu masu sassa da yawa da katangun ƙasa ko na bulo. Rauta mai alamar Wi-Fi 5 ta wadatar da matsakaicin gida. Sakatariyar ƙaramar hukuma, ko makaranta, ko cibiyar lafiya inda mutane da yawa suke amfani a lokaci guda, Wi-Fi 6 ta fi dacewa da su.

A ajiye rauta a tsakiyar gida, a wuri mai ɗan tsayi, ba a cikin durowa ko bayan ƙofar ƙarfe ba, kuma a nisanta ta da zafin rana da ƙura. Idan gidan babba ne, gara a ja waya zuwa ɗaya sashen a ƙara na'ura ta biyu da a sayi guda ɗaya mai tsada ana fatan ta game ko'ina. A ranar da aka kafa ta, a sauya kalmar sirrin da ta zo da ita, ta shiga Wi-Fi da ta shiga saitin na'urar, a kuma zaɓi tsaron WPA2 ko WPA3.

Batun wutar lantarki

Zaren gilashi ba ya ɗauke da wuta, saboda haka da zarar an ɗauke lantarki akwatin da rautar za su mutu, ko da wayar tana lafiya. Abin sauƙin shi ne ba sa cin wuta da yawa, ƙaramin batir ko ƙaramar sola ta isa ta riƙe su na sa'o'i. A sa kuɗin wannan a cikin lissafi tun farko. Haka nan a cire su daga soket lokacin tsawa, domin ko da yake zaren gilashi ba ya jan tsawa, wayar lantarki tana ja.

Hakkin shugabanni da al'umma

A 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince da naira 145 a kan kowace mita a matsayin kuɗin izinin shimfiɗa waya a gefen hanya, kuma a 2020 wasu jihohi, ciki har da Kaduna, suka yafe kuɗin baki ɗaya domin jawo kamfanoni. Ɗora wasu ƙarin haraji a matakin ƙasa yana sa kamfani ya kauce wa gari, al'umma ce kuma take asara.

Yawancin tsinkewar waya yana faruwa ne wajen aikin hanya, da haƙar kwalbati da magudanar ruwa. Muna kira ga sassan ayyuka na ƙananan hukumomi da su tuntuɓi kamfanin da ke da waya kafin katafila ta fara haƙa. Muna kuma roƙon dagatai da masu unguwanni su faɗakar da matasa cewa babu jan ƙarfe a cikin zaren fayiba, wanda ya yanke shi bai sami abin sayarwa ba, ya dai yanke wa asibiti da makaranta da masu POS hanyar aiki. Tun 2024 dokar ƙasa ta sanya kayayyakin sadarwa cikin muhimman kadarorin da ake hukunta mai lalata su. Wanda ya ga waya a tsinke kada ya leƙa bakinta, domin hasken ciki ba ya ganuwa amma yana iya cutar da ido. Ya sanar da mai unguwa ko kamfanin.

Inda za a kai ƙorafi

Duk wanda bai gamsu da aikin da aka yi masa ba, ya fara kai kukansa ga kamfanin, ya karɓi lambar ƙorafi. Idan ba a share masa hawaye ba, sai ya kira Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, a lamba 622, kyauta ne.