Yadda Finafinan Filifin Suka Juya Kyamara Kan Masu Kaki

Asalin finafinan laifi a Filifin labarin gwarzon unguwa ne. A 1961 Joseph Estrada ya fito a matsayin Asiong Salonga, shugaban 'yan daba na unguwar Tondo a Manila. Fitowa irin wannan ce ta sa talakawa suka ɗauke shi nasu, har suka zaɓe shi shugaban ƙasa a 1998.

Dokar soja da shugaban ƙasa Ferdinand Marcos ya ƙaƙaba a 1972 ta canza akalar labarin. Darakta Lino Brocka ya kutsa lungunan marasa galihu da kyamara. A fim ɗinsa Maynila sa mga Kuko ng Liwanag na 1975, wani masunci ya baro ƙauye neman budurwarsa, ya faɗa leburancin gini inda ake zaftare masa lada, ƙarshe birni ya mayar da shi mai kisa. Faɗuwar Marcos a 1986 ba ta sa Brocka ya sassauta ba, domin a Orapronobis na 1989 ya nuna 'yan banga na kashe ƙauyawa, hukuma ta kau da kai.

Brillante Mendoza kuwa cikin 'yan sanda ya shiga. Kinatay, wanda ya ba shi kyautar gwanin darakta a bikin Cannes na Faransa a 2009, ya bi wani ɗalibin aikin ɗan sanda, sabon ango, da neman kuɗi ya kai shi cikin motar da aka sace wata mata a ciki, daga baya aka kashe ta. A Ma' Rosa na 2016, 'yan sanda sun kama mai ɗan kanti da ƙwaya, suka yanka mata kuɗin fansa. 'Ya'yanta suka bazama, wannan na tallar talabijin ɗin gida, waccan na roƙon dangi. A shekarar ce shugaban ƙasa na lokacin, Rodrigo Duterte, ya ƙaddamar da yaƙi da ƙwaya, wanda alƙaluman gwamnati kansu suka ce ya ci fiye da mutum 6,000.

Kisan kwangila ya samu cikakken bayani a On the Job na Erik Matti, a 2013. Ana fito da fursunoni a asirce, su harbe wanda manya suka nuna, a mayar da su kurkuku. Wa zai tuhumi mutumin da takarda ta ce yana tsare? Kashi na biyu, na 2021, ya ɗauko ɓacewar 'yan jarida, abin da ke tuna kisan Maguindanao na 2009, inda aka hallaka mutum 58, ciki har da ma'aikatan jarida 32.

Cikin shekara sittin, mai riƙe da bindiga ya tashi daga gwarzon unguwa ya koma ɗan ƙwadago mafi arha a sana'ar. Shi ake fara kawarwa idan asiri zai tonu, masu biyansa kuma su tsaya takara.