Kasuwar 'Yan Ƙwallon Kwando da Waɗanda Suka Tashi Hannu Rabbana

A gidajen kallo na Dutsin-Ma da Kurfi ba a buƙatar yi wa kowa bayanin yadda ɗan wasa ke barin ƙungiya a kyauta. Magoya bayan Barcelona sun ɗanɗana a 2021 da Messi ya tafi Faransa, PSG ma ta ɗanɗana a 2024 da Mbappe ya koma Real Madrid ba a ba ta ko sisi ba. Amma akwai wata kasuwa da ta fi ta ƙwallon ƙafa rashin tausayi, wadda ke ci a ƙarshen watan Yuni, daidai lokacin da manoman yankin suka duƙufa a gonakinsu. Ita ce kasuwar 'yan ƙwallon kwando na gasar NBA ta Amurka. A can ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi yadda aka saba a Turai. Ko dai a yi musayarsa da wasu tun kwantiraginsa bai ƙare ba, ko kuma wa'adi ya cika ya ɗauki jakarsa ya nufi inda ransa ke so, ƙungiyar da ta rene shi tana kallo.

Wannan 'yanci bai faɗo daga sama ba. A da, ƙungiya ce ke riƙe da ɗan wasa har sai ta gaji da shi. A 1970 Oscar Robertson, shugaban ƙungiyar 'yan wasa a lokacin, ya maka hukumar NBA a kotu, aka yi ta shari'a har 1976 kafin a sasanta. Ko bayan nan ƙungiyoyi sun ci gaba da riƙe wutsiyar igiya, sai a 1988 aka fara sakin ta. Tom Chambers ne ya fara cin moriyar sabon tsarin, ya bar Seattle ya koma Phoenix.

Orlando Magic ce ta fara nuna wa duniya girman asarar da ke cikin wannan kasuwa. Ta ɗauki Shaquille O'Neal a 1992, ya kai ta wasan ƙarshe a 1995, inda Houston Rockets ta Hakeem Olajuwon ta lallasa ta wasa huɗu ba ko ɗaya. Shekara guda bayan haka shugabannin Orlando suka tsaya taya ƙasa-ƙasa, Los Angeles Lakers kuwa ta ajiye masa kimanin dala miliyan 120 na shekara bakwai. Ya tafi. Lakers ta ci kofi uku a jere da shi, daga 2000 zuwa 2002. Orlando ta yi shuka, wani ya girbe.

Na Cleveland ya fi ciwo, domin LeBron James ɗan gida ne, haifaffen Akron da ke kusa da birnin. Ranar 8 ga Yuli 2010 ya bayyana a talabijin ya sanar da cewa ya koma Miami. A kakar da ta gabata Cleveland ta ci wasa 61 cikin 82. A kakar da ta biyo baya 19 kacal ta ci, har da shan kashi sau 26 a jere. Mai ƙwallon ƙafa zai yi mamakin yadda tafiyar mutum ɗaya za ta rusa ƙungiya haka, amma mutum biyar ne kawai ke cikin fili a kowane ɓangare, kuma gwarzo yakan riƙe ƙwallo a kusan kowane hari. Idan ya fita, rabin dabarar koci ta bi shi.

Akwai kuma masu faɗuwa ta wata hanyar, wato waɗanda kuɗi ya yi wa yawa. A 2016 kuɗin talabijin ya sa iyakar albashin da aka yarda kowace ƙungiya ta kashe ta tashi daga dala miliyan 70 zuwa 94 a dare ɗaya. Golden State ta yi amfani da damar ta janye Kevin Durant daga Oklahoma City. Lakers kuwa, da manyan taurari suka ƙi ta, sai ido ya rufe: ta ba Timofey Mozgov dala miliyan 64, ta ba Luol Deng, ɗan asalin Sudan ta Kudu, dala miliyan 72, kowanne na shekara huɗu. Wasa 26 ta ci a kakar. Don ta rabu da Mozgov sai da ta haɗa da matashin da take ji da shi, D'Angelo Russell, ta miƙa wa Brooklyn. Deng wasa ɗaya ya buga a kakarsa ta biyu, aka sallame shi a 2018, aka ci gaba da biyansa har 2022. Wannan asarar ta fi ta Cleveland abin zargi, domin Cleveland barin ta aka yi, Lakers ita ta kai kanta.

A nan ne labarin ya iso gida. Mutumin da ya fi kowa fahimtar wannan kasuwa a zamaninsa tashin Zariya ne. An haifi Masai Ujiri a Ingila a 1970, ya girma a Zariya, kuma a filayenta ya koyi ƙwallon kwando a hannun Oliver Johnson, Ba'amurken kocin da ya daɗe yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello. Ujiri bai yi suna a matsayin ɗan wasa ba. Ya fara da farauto wa Orlando 'yan wasa ba tare da albashi ba, ya zama manajan Denver a 2010, aka zaɓe shi gwarzon shugabannin ƙungiyoyi a 2013, shekarar da ya karɓi ragamar Toronto Raptors ta Kanada.

Toronto gari ne da taurarin Amurka ba su cika son zama ba, ga sanyi ga haraji, kuma ya riga ya rasa Chris Bosh a 2010. Ujiri ya san idan ya jira gwarzo ya zo da ƙafarsa, zai daɗe yana jira. A Yulin 2018 sai ya ba da DeMar DeRozan, ɗan lelen magoya baya, ya karɓo Kawhi Leonard daga San Antonio, alhali shekara ɗaya ta rage a kwantiraginsa, kuma kowa ya san hankalinsa na Los Angeles. A Yunin 2019 Toronto ta doke Golden State ta ɗauki kofinta na farko. Makonni kaɗan bayan haka Leonard ya koma Clippers ta Los Angeles, abokin wasansa Danny Green ya koma Lakers. Masu sharhi suka sa Toronto a sahun waɗanda suka fi asara a kasuwar shekarar. Lissafin nan bai cika ba. Kofi na cikin ɗaki, kuma yaran da Ujiri ya tono da kansa, irin su Pascal Siakam na Kamaru da Fred VanVleet, sun ci wasa 53 cikin 72 a kakar da ta biyo baya. Sai daga baya zubewar ta yi tsanani: Serge Ibaka da Marc Gasol suka tafi a 2020, VanVleet ya bi su a 2023, duk ba a karɓi kowa a madadinsu ba. Ujiri ya bar kujerarsa a 2025.

Olajuwon ma yana da alaƙa da ƙasar Hausa, domin a wata gasar wasanni da aka yi a Sakkwato ya fara fitowa a ƙwallon kwando, bayan ya saba da ƙwallon hannu. Shi ma a 2001, bayan kaka 17 a Houston, ya ƙi tayin da aka yi masa ya ƙarasa wasansa a Toronto.

Duk waɗannan ƙungiyoyi, komai asararsu, suna da gasa da za su koma, da wata kasuwar baɗi. Abin da ya sami ƙwallon kwando a Arewacin Najeriya ya fi haka muni. Kano Pillars ta ƙwallon kwando, mai wasa a rufaffen ɗakin wasanni na Sani Abacha a Ƙofar Mata, ta daɗe tana jan zarenta a rukunin Savannah, wanda ya haɗa da Gombe Bulls da Niger Potters da Plateau Peaks. Ta ɗauki kofin ƙasa sau da dama, ciki har da na 2013 da 2014 da 2016, kuma a ƙarshen 2016 ta zo ta uku a gasar zakarun Afirka a Alƙahira. Wata shida bayan wannan nasara, a Yunin 2017, aka yi zaɓen shugabannin hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa har sau biyu: na Kano ya ba Tijjani Umar, na Abuja ya ba Musa Kida. Rikici ya koma kotu, gasar cikin gida ta tsaya cak, masu ɗaukar nauyi suka ja da baya.

Ɗan wasa ba ya cin alkawari. Wanda ya sami hanya ya fita waje, wanda bai samu ba ya nemi wata sana'ar, shekarun ƙarfinsa suka wuce yana jira. Babu attajirin da ya fi Pillars tayi, babu gwarzon da ya ci amanarta a talabijin. Filin da ake baje kolin ne aka rufe, kuma laifin na shugabanni ne, ba na yara ba.

A Janairun 2022 aka sake zaɓe biyu, ɗaya a birnin Benin ɗaya a Abuja. A watan Mayu gwamnatin tarayya ta janye Najeriya daga wasannin duniya na shekara biyu. Ta janye hukuncin a watan Yuni, amma kafin nan ƙungiyar mata ta ƙasa, D'Tigress, ta rasa gurbinta a gasar kofin duniya ta mata, aka ba Mali.

A daidai waɗannan shekaru ne NBA da hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, suka kafa gasar BAL ta ƙungiyoyin Afirka, wadda aka fara a Kigali a 2021, irin dandalin da Pillars ta 2016 ta cancanci hawa. Rivers Hoopers ta Fatakwal ce ta wakilci Najeriya a karon farko. A 2022 babu ƙungiyar Najeriya ko ɗaya. Kwara Falcons ta je a 2023, Hoopers ta dawo a 2024 ta zo ta uku, ta sake zuwa a 2025. A cikin waɗannan kakanni biyar, babu ƙungiya daga Kano ko Kaduna ko Katsina da ta taka filin.